Sunanka a takardar gudummawar kamfen

Jama'a ni fa ina cikin masu cewa a san wa ke zuba wa ɗan takara kuɗi, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma wannan kwasar sunayen masu gudummawa da ake yi a watsa a intanet, wai an tona asiri, wallahi ban yarda da shi ba.

Ku dubi abin da ya faru a jihar Minnesota ta Amurka a 2009. Norm Coleman da Al Franken suna ta shari'a kan kujerar sanata, tazarar ƙarshe ƙuri'a 312 ce kacal, Franken ya ci. To ana cikin wannan rigimar, Coleman na neman kuɗin biyan lauyoyi, sai aka gano ashe mutanensa sun bar rumbun bayanan magoya baya a buɗe a shafinsu, ba makulli ba komai. Tun watan Janairu aka ga ɓarakar, amma ba su sanar da mutane ba sai a Maris da WikiLeaks, shafin nan na fallasa bayanan sirri, ta saki bayanan masu gudummawa sama da 4,700, suna, adireshin gida, lambar waya, har da wani ɓangare na lambar katin banki. Sai a lokacin ne fa aka ce musu ku je ku soke katinku. Haba!

Abin da ke ƙona min rai shi ne, dokar Amurka dama ta ce wanda gudummawarsa ta wuce dala 200 a rubuta sunansa kowa ya gani, wato ba wani ɓoyayyen abu aka bankaɗo ba, mai dala 25 aka tsiraita. Manyan attajiran kuwa suna da ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu faɗin masu ba su kuɗi ba, ta nan suke bi, balle bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Citizens United na 2010 da ya ƙara buɗe musu ƙofa.

Kuma kar mu ce abin na Turawa ne. Lokacin zaɓen da ya wuce a guruf ɗinmu na WhatsApp na unguwa, sakatare kullum sai ya jero suna da adadi, wane dubu biyar, wane dubu goma, a sa alamar ya biya. Wani ya ɗauki hoton jerin ya tura wa ɗaya ɓangaren. Akwai wani bawan Allah malamin firamare da ya ba da dubu uku, dubu uku fa, sati biyu bai yi barcin kirki ba yana tsoron a jefa shi ƙauyen da babu mota. Shi kuwa Alhajin da ya sayi motocin kamfen, wanda dokar zaɓe ta 2022 ta ce kar irinsa ya ba ɗan takara sama da naira miliyan 50, sunansa bai taɓa shiga guruf ɗin ba, cikin dare yake aiko direba da jaka.