Ta'aziyyar De Valera a 1945

Wani rahoto ya ce Ireland ta jingina da Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu saboda Firaminista Éamon de Valera ya je wa jakadan Jamus Eduard Hempel ta'aziyyar mutuwar Hitila ranar 2 ga Mayun 1945. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri. Ziyarar kuskure ce babba, domin a lokacin duniya ta riga ta ga gawarwakin sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ke Bergen-Belsen, amma gwamnatin De Valera ɗin ce ta riƙa barin matuƙan jiragen ƙasashen Ƙawance masu yaƙar Jamus su tsallaka zuwa Ireland ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, tana tsare na Jamus a sansanin soja na Curragh. Da Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya caccaki De Valera a rediyo, shi kuwa ya mayar da martani cikin natsuwa, har 'yan adawarsa suka yaba.