Kotu ta amsa kuskurenta, amma har yanzu suna ɗaure

Jama'a, shari'ar Ameen Jogee ta daɗe tana ci mini rai.

A Ingila, idan laifi babba ne, mutum 12 daga cikin gari ake zaunarwa su taya alƙali yanke hukunci, tsarin da mu a Najeriya ba ma amfani da shi. Yawancinsu ba su karanci doka ba. Abin da alƙali ya faɗa musu kafin su shiga ɗaki su kulle ƙofa, shi ne sandarsu.

A watan Yunin 2011, a garin Leicester, abokin Jogee ya ɗauki wuƙa a kicin ya soki wani mutum har lahira. Jogee yana waje riƙe da kwalba, yana dukan mota da ita, yana zuga abokin. Hannunsa ba tsarkakakke ba ne, kar wani ya ce ina wanke shi. Amma alƙali ya gaya wa mutanen nan cewa idan har ya hango abokin zai iya sukar mutumin da niyyar yi masa mummunan rauni, to shi ma mai kisan kai ne. Aka yi masa ɗaurin rai da rai.

Ranar 18 ga Fabrairun 2016, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce tun shari'ar Chan Wing-Siu ta 1984, wadda ta kafa wannan ƙa'ida ta hange, aka saki hanya. Hango abu daban, nufinsa daban. Hangen yana iya zama shaidar niyya, amma ba ya maye gurbinta. Da aka sake shari'ar, sai aka same shi da kisan da ba na ganganci ba, shekara 12.

Ga abin da ke damuna. Shekara 30 da ɗoriya ana ɗaure mutane da wancan bayanin. Sai aka ce duk wanda lokacin ɗaukaka ƙararsa ya wuce, sai ya nuna an yi masa babban zalunci kafin a saurare shi. Kuskuren na alƙalai, nauyin gyara kuma a wuyan fursuna? Kaɗan ne ƙwarai suka tsallake wannan siraɗi. Ɗaya daga cikinsu, John Crilly, ya fito a 2018, kuma shi ne a Nuwamban 2019 ya tunkari maharin gadar Landan da tukunyar kashe gobara.

Da yawa daga cikin sauran suna can, iyayensu mata suna ta zarya zuwa gidan yari.