Wasan Gida a Sakkwato da a Makarantun Ingila

A makarantun rainon yara na Ingila, inda nake zaune yanzu, da wuya mutum ya shiga aji bai tarar da kusurwar da aka keɓe don wasan gida ba: ga murhun katako, ga ƙananan tukwane, ga gadon jariri da 'yar tsana a kwance. Tsarin karatun yara ƙanana da gwamnatinsu ta fara aiki da shi a 2008 ya ɗauki wasa a matsayin hanyar koyo, saboda haka malama takan durƙusa kusa da yaran, tana sauraren abin da "uwa" ke faɗa wa "ɗanta", tana rubuta abin da ta lura da shi.

Mu da muka tashi a Sakkwato ba baƙon abu ba ne wannan a wurinmu, sai dai namu ya fi nasu yawan jama'a. A bakin zaure ake tuƙa tuwon ƙasa cikin gwangwanin tumatir, a yi miya da ganyen dogon yaro, a roƙo ƙyallaye wurin tela a haɗa wa 'yar tsana lefe. Ranar bikinta kuwa kowa da matsayinsa. Akwai gwaggo mai kai amarya ɗaki tana yi mata faɗan haƙuri, akwai kawu da ake rusuna wa a ce "Kawu, ina kwana?", akwai kaka mai kiran jikanta "mijina" tana tsokanarsa, ga taubasai da ba sa rabuwa da wasa. Na taɓa ganin yarinyar da ba ta wuce shekara 6 ba ta ƙi kiran sunan 'yar tsanarta, domin a cewarta 'yar fari ce. Babu wanda ya zaunar da ita ya karanta mata alkunya; ta gani wurin innarta, ta gwada a wasa. Idan azumi ya kai kwana 10 kuma, 'yan mata su fito tashe da Mairama da Daudu, suna nuna zaman miji da mata gida-gida. A kusurwar Ingila, gidan yakan tsaya a kan uwa da uba da jariri.

Masanin halayyar yara ɗan Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya bayyana cewa yaron da ya ɗauki matsayi a wasa yana ɗaure kansa da ƙa'idodin wannan matsayi, kuma ta haka yake koyon kame kai. Yarinyar da ta zama uwa dole ta raba tuwon daidai, ta ɗauki nata a ƙarshe.

Abin da ke damuna shi ne, su mutanen Ingila sun ba wasan lokaci da daraja, mu kuma muna rage masa. Makarantun naziri da yawa a garinmu suna zaunar da ɗan shekara 3 a benci yana kwafar baƙaƙe, daga nan sai islamiyya, da dare kuma wayar babansa. Ina ganin ya dace masu makarantu su ware lokaci kullum, su ajiye ƙwarya da faifai da ƙaramin turmi da zanen goyo, kayan da kasuwar Sakkwato ke cike da su, ba sai an yi odar na roba ba.

Akwai kuma abu ɗaya da nake so mu ɗauka daga wurinsu, wato barin yaro namiji ya riƙe 'yar tsana ko ya juya tukunya ba tare da an kore shi da gori ba. Wannan ba ya saɓa wa tarbiyyarmu. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi (SAW), kuma ita ce ta ba da labarin cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Yaron da zai zama mai gida gobe yana buƙatar ya gwada lallashin jariri, kamar yadda yake gwada hawan dokin kara da komawa gida da cefane.