Ranar da na yi ruwan sama a watan Janairu

Lalaci ne ya ja mini, ba son ilimi ba. Makunnin injin da ke tura ruwa tankinmu a Tudun Wada yana can ƙuryar gida, kusa da akurkin kaji, kuma ni ne auta, ni ake aika safe da yamma. Da na kai shekarar ƙarshe a karatun injiniyan lantarki, sai na ce aikin kammalawata shi ne na'urar da zan riƙa kunna injin da ita ina kwance a katifata.

Sati biyu ina zarya tsakanin kasuwar Panteka da masu gyaran rediyo ina tsintar kayan haɗi. Aika saƙon ba wuya: 0 da 1 ake ɗorawa a kan igiyar rediyo, in 0 ne a bar ta yadda take, in 1 ne a juya ta digiri 180. Aikin yana wurin mai karɓa. Dole ya haifar da tasa igiyar da za ta yi taku ɗaya da ta mai aikawa, alhali kowane kristal, wato ɗan abin da ke daidaita saurin igiyar, da halinsa, zafin rana kaɗai ya isa ya sa shi kaucewa. Sai na haɗa da'irar Costas, wadda wani injiniyan Amurka, John Costas, ya fito da ita a 1956, mai bin sawun igiyar tana gyara kanta har ta kama.

Malaminmu ya ja mini kunne. Ya ce da'irar nan kamar mata biyu ce a turmi: za ta daidaita saurin dakan, amma ba ta san ko tare taɓaren ke sauka ba ko lugude ake yi. In ta kama a lugude, duk 1 ya zama 0. Na ce to Malam, hankalina yana kan yabon da zan sha a gida.

Ranar farko kuwa na sha shi. Hajiya har maƙwabta ta kira su ga boko.

Kwana uku bayan nan na cika tanki da safe na kashe. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, na'urar ta sake kamawa. Don tabbatarwa kawai na danna "kashe". Sai na ji injin ya ɗauka. Na sake dannawa, na ƙara, har da bismilla. Tanki ya fara ambaliya a kan kuɓewa da barkonon da Hajiya ta shanya a tabarma, kaji suka watse, shaddar Yaya da ke kan igiya ta sha wanki na biyu.

"Auta! Da sanyin nan ka kawo mana damina?"

Ina tsaye ina bayanin digiri 180, sai 'yar Yaya mai shekara shida ta ce, "Kawu, danna ɗayan mana." Na danna "kunna". Injin ya yi tsit.

Daren nan na gyara na'urar, na mayar da saƙon ya dogara da canjin da ke tsakanin alama da alama, yadda ko an kama a lugude ba zai juye ba. Na yi wa Hajiya bayani dalla-dalla. Ta ce Allah ya ƙara basira, ta karɓi na'urar ta jefa cikin kwandon albasa, ta ce kuɗin kuɓewa mudu biyu a wuyana yake, in wuce in kashe mata injin.