Mun shafe tsakar gida da siminti, kuma muna tambayar ina tsuntsaye suka tafi

Ranar nan ina cikin adaidaita daga Kurna zan shiga gari, go-silo ya riƙe mu, sai na kama lissafa sunayen unguwannin Kano a raina don in rage zafi. Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya. Duk fa sunan bishiya ne. Ka leƙa Kaduna ga Unguwar Rimi, ka tsallaka Nijar ga gari guda sunansa Magarya. Sai na tambayi kaina, yaron da aka haifa a Ɗorayi yau ɗan shekara 10, in ka kai shi gindin ɗorawa zai gane ta kuwa? Nawa yaran dai na gwada su, babu wanda ya gane, ƙaramar cewa ta yi mangwaro ne.

Ni ma ba wai na fi kowa ba ne, da ni aka yi ɓarnar. Shekara 6 da suka wuce da Allah Ya nufa na gama ɗan gidana, rabin fuloti ne ba wani babba ba, abu na farko da na yi bayan fenti shi ne na kira masu intalok suka shafe tsakar gidan tun daga bakin get har ƙofar kicin, ko tafin hannu ban bari na ƙasa ba. Akwai wata 'yar magarya da na tarar a filin, na sa aka tumɓuke ta wai ƙaya. Na sayo dogayen bishiyoyin nan sirara na kwalliya guda huɗu na jera a jikin katanga irin yadda ake yi a gidajen masu kuɗi, duk wata biyu kuma mai feshi ya zo ya bi lungu-lungu. A lokacin gani nake na waye.

Hajiyarmu ce ta fara ɓata min lissafi. Ta zo daga ƙauye ganin likita ta yi sati biyu a wurinmu, ran nan da hantsi tana zaune a tabarma sai ta ce, kai wai gidan nan naku ko kurciya ba ta sauka ne? Na ce Hajiya ai birni ne. Ta ce birnin me, gidan da ko ƙadangare ya ƙi zama ai sai a bincike shi. Dariya muka yi a lokacin, amma maganar ta zauna min, don gaskiya tun da muka tare ban taɓa farkawa da kukan tsuntsu ba sai ƙarar janareton maƙwabta. Ga zafi kuma, a watan Afrilu simintin nan yini yake yana shan rana, da daddare ya dinga amayo ta, ƙarfe 11 na dare ka taka tsakar gida ba takalmi ka ji kamar kasko. Da damina kuwa ruwan da ya kamata ƙasa ta shanye duk sai ya kwarara waje, nawa ya fita, na maƙwabcina ya fita, layin ya zama kogi, mu taru muna zagin gwamnati a kan kwata.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ɗaga intalok ɗin kusurwa guda ta bayan ɗakin yara, taku 5 ne a tsaye taku 4 a kwance. Na zuba takin tumaki, na dasa lalle da lemun tsami da zogale, na yafa tafasa da yakuwa da kabewa, na juya bakin wurin alwala yana zubowa ciki don kar in ƙara wa kaina kuɗin 'yan garuwa. Sannan na samo tsohon kasko na ɗora a kan bulo biyu, na sa ɗan dutse a tsakiya, nake zuba ruwa kullum da asuba. Kuma na sallami mai feshi daga tsakar gida, cikin ɗaki gidan sauro ya ishe mu.

Wallahi kaskon nan ya fi komai aiki. A kwana na uku kurciya biyu suka sauka. Kafin sati biyu ga 'yan jajayen tsuntsayen nan da muke ce wa baiwar Allah, su da suke shiga har cikin ɗakin kakarmu suna tsintar tsaba, rabona da ganinsu kusa haka tun ina firamare. Ƙudan zuma ma na zuwa shan ruwa da rani, shi ya sa dutsen yake da amfani, in babu wurin da za su tsaya sai su faɗa su mutu. Masu cewa ai ruwa a buɗe gidan sauro ne, eh haka ne in ka bar shi ya kwana bakwai, don ƙwan sauro kafin ya zama sauro mai fiffike yana ɗaukar wajen sati ko fiye. Wanda yake zubar da na jiya ya ɗauraye kasko ya zuba sabo kullum bai ba sauro komai ba. Sauron layinku daga kwata da tsofaffin tayoyi yake fitowa.

Kabewar ce ta koya min abin da ban sani ba duk da ni ɗan manomi ne. Furenta iri biyu ne, namiji da mace, macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi, da sassafe suke buɗewa kafin rana ta take sun rufe, kuma in ƙudan zuma bai ɗauko garin namijin ya kai wa macen ba a cikin 'yan awannin nan, ƙullutun sai ya yi rawaya ya faɗi. Wani abokina da ke da ɗan lambu ya daɗe yana kukan kabewarsa da kankanarsa suna fure ba sa 'ya'ya, har an fara ce masa baki ne, alhali shi da hannunsa yake feshi da safe daidai lokacin da ƙudan ke kan fure. Haka kuka da ɗorawa, su jemage ne babban mai yi musu wannan aikin da daddare, jemagen da muke jifa. Wato miyar kukarka da daddawar da ke cikinta duk akwai hannun jemage. Ɓaure kuwa duk wanda ya taɓa fasa shi ya ga 'yan ƙananan ƙwari a ciki ya yi tsaki ya yar, to su ne masu haɗa masa iri, in babu su babu ɓauren.

Wata rana matata ta kira ni wai tsuntsaye sun ɓata ganyen lemun da kashi, na duba sai na ga kashin yana motsi. Tsutsa ce, haka Allah Ya yi ta tana ƙarama kamar kashin tsuntsu don kar a cinye ta, in ta girma ta koma koriya, daga baya ta zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya. Da a da ne da fiya-fiya zan bi ta. Na bar su suka ci ganye kamar 20, lemun bai mutu ba, yarana kuma suka ga abin da a littafin makaranta kawai suke gani. Mutane na son malam-buɗe-littafi amma ba sa son tsutsa, to ta ina zai fito? Tumfafiya ma da muke rainawa, a kanta wani mai ruwan goro da baƙin gefe yake yin ƙwai, ita tsutsarsa ke ci. Ni ban bar ta a cikin gida ba saboda ƙaramar yarinya, ruwanta mai kama da nono yana illa in ya shiga ido, amma wadda ta fito a bayan katanga na hana a sare.

A nan ne nake da matsala da masu sayar da furanni na bakin titi da mu masu saye. Je ka tambayi dashen kanya ko ɗinya ko kurna ko aduwa, kallon ɗan ƙauye za a yi maka, amma bishiyar kwalliya daga Indiya ko turare daga Ostireliya ga su nan jere. Ba ina zagin darbejiya ba ne, ita ma daga can wajen Indiya aka kawo ta zamanin Turawa kuma ta yi mana rana, in ba ita ba da garuruwa da yawa a arewa babu inuwa. Zogalen da na dasa ma asalinsa can ne. Amma ganyen darbejiya ɗacinsa ya sa ƙwarinmu kaɗan ne ke iya ci, shi ya sa ma ake maganin ƙwari da shi, su kuwa yawancin ƙananan tsuntsaye da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, har waɗanda in sun girma tsaba suke ci. Unguwar da babu komai sai darbejiya da siminti akwai inuwa amma babu abinci. Dubi gawo, shi da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar ya yi fure lokacin da sauran itatuwa suka bushe, ƙudan zuma su samu na ci, awaki su samu 'ya'yansa. Wace bishiyar kwalliya ce za ta yi maka wannan?

Na san ba kowa ke da filin kuka ko gamji ba, kuma kar wani ya je ya dasa ceɗiya ko durumi a jikin gini ya dawo yana zagina, saiwarsu tana fasa fandisho da sokawe. Waɗannan na ƙofar gida mai fili ne da makarantu da filin idi da maƙabarta. Na cikin gida lalle ya isa, in ya yi fure ƙamshinsa kaɗai ya biya ka, ga magarya, ga rumman, wanda yake haya ma zai iya yanka jarka ya shuka ɗoɗɗoya da na'a-na'a ya bar wasu su yi fure kar ya tsinke duka. Mutanen Maradi ma ba dashe suka yi ba. Tun wajen 1983 aka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in kututture ya yi toho a gona kar ka sare duka, ka zaɓi masu ƙarfi ka rage sauran ka bar su su tashi, kuma da wannan kaɗai aka kiyasta bishiya wajen miliyan 200 sun dawo a hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Ni kuma magarya guda ɗaya da Allah Ya shuka min kyauta na biya kuɗi aka tumɓuke.

Sai maganar maciji, don na san ita ce za ta cika kwament. Matata ma da ita ta fara. Ba abin wasa ba ne, duk wanda ya san asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya san abin da kububuwa ke yi wa manoma. Amma maciji ba lalle yake bi ba, ɓera yake bi da wurin ɓuya, ɓera kuma bola yake bi da buhun hatsin da aka jingine a ƙasa. Gida nawa ne shafe da siminti amma sito cike da tarkace da ɓeraye? Ni dai ciyawa ba ta wuce idon sawu a wurina, ba na tara bulo ko itace a jikin ɗaki, busasshen ganye a gindin lalle kawai nake tara shi nesa da bango saboda gara, kuma yara sun san ba a sa hannu a rami. Shekara 4 ke nan ban ga maciji ba. Abin da na gani kwaɗi ne da damina suna zama ƙarƙashin fitila suna lashe ƙwari, da ƙoƙi-ƙoƙi, da zanzaro yana ɗibar laka, da bushiya guda ɗaya da ta shigo ta ƙarƙashin get, wadda na sha fama da almajiran layinmu kafin su haƙura da ita.

Wani abin da ke ba ni mamaki, mu da muke karanta Suratun Nahli da Suratun Namli, sura guda sunan ƙudan zuma sura guda sunan tururuwa, mu ne kuma ba ma iya ganin abu mai motsi mu ƙyale. Akwai hadisin da ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Akwai wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Tsuntsu fa aka ambata, ba a ce sai mutum ba. Amma yaro ya fito da danƙo yana harbin duk abin da ya sauka a waya babu babban da zai ce masa kul, hawainiya in ta fito a taru da duwatsu, mujiya ta yi kuka a ce mayya ce alhali ɓerayen unguwa take rage mana. Ungulu da muka taso muna gani birjik a mahauta yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba, tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Shamuwa da ke gaya wa kakanninmu damina ta kusa, a wace bishiyar za ta yi sheƙa a sabbin unguwanninmu?

Hajiya ta dawo bara da kaka. Tana alwalar la'asar kurciya ta sauka a bakin kasko ko tsoronta ba ta ji, ba ta ce min komai ba, sai da za ta tafi ta ce in ta aiko a karɓa. Bayan sati direban motar garinmu ya kawo min ƙullin leda, 'ya'yan magarya ne da na kanya da na ɗinya. Magaryar ta tsiro guda uku, kanya ɗaya, ɗinyar har yau shiru. Ni wuri ɗaya gare ni, don haka magarya biyu da kanyar nan suna cikin leda a bayan kicin, duk wanda yake Kano kuma yake da inda zai sa su ya yi min magana ta inbos kafin ruwa ya sauka, amma kanyar sai mai fili don babbar bishiya ce.