Pedeje ya ciyo kyautar albasa

(Fadar Alhaji, bayan kasuwar Katako a Yamai. Alhaji Ba'adare ne, dillalin albasa tun kafin salula ta shigo ƙasar nan. Sai ga ɗan ƙanwarsa wanda abokai ke kira Pedeje, wato shugaban kamfani, cikin kostim da karabat ana tsakiyar zafin Afirilu, yana jan wani ƙaton kwali.)

ALHAJI: Kai, kotu za ka ko daga can kake?

PEDEJE: Kawu kyauta na ciyo. Jiya da dare a Pale de Kongire aka karrama matasa masu sitatof, ƙananan kamfanonin nan na intanet, ni na zo na biyu.

ALHAJI: To madalla. Wanga allo hwa?

PEDEJE: Shek ne. Miliyan 2.

ALHAJI: (ya tashi zaune) Mai shayi, haɗa mai kauri da madara! Matso nan ɗan albarka, ni dama tun kana goye na ce ma uwarka wanga yaro kanshi na ja. Sha maza mu tahi banki kahin su ruhe.

PEDEJE: A'a Kawu, wannan na ɗaukar hoto ne. Na gaskiyar sai an kammala dosiye, in kai NIF, lambar haraji, da rajistar kasuwanci, kuma ba duka za su ba ni a hannu ba, rabi horo ne, da wani koci da zai yi min rakiya wata 6.

ALHAJI: Rakiya zuwa ina?

MAI SHAYI: Alhaji, in zuba madarar ko in dakata?

ALHAJI: Dakata. To kai kamfanin naka mi yake saidawa?

(Pedeje ya gyara karabat, murya ta canza. Duk wanda ya taɓa zuwa irin taron nan ya san muryar, minti 3 ake ba su gaban juri, ko daga barci ka tashe su daga nan za su fara.)

PEDEJE: Kawu ka san manomin albasa na Galmi yana shan wahala, ya yi ban ruwa, rana ta dake shi, lokacin girbi kaya su yi yawa farashi ya faɗi ƙasa warwas, sai wasu 'yan tsakiya su zo su saye da arha su jibge a rudu har ta yi tsada, su loda kamyo zuwa Abijan da Akara su ci ƙazamar riba. Aplikasiyon ɗina zai kawar da mutanen nan gaba ɗaya!

ALHAJI: Allah shi tsine musu. Su wane ne?

MAI SHAYI: Alhaji kai ake nufi fa.

ALHAJI: Ni?? Wato da kuɗɗin albasata anka biya maka lakwal har Jami'ar Abdu Mumuni, kai kuma ka hau dandamali gaban manya ka ce za ka kawar da ni, sunka tahwa maka.

PEDEJE: Har miƙewa suka yi.

ALHAJI: Buhu nawa ka saida?

PEDEJE: Ai yanzu muna matakin gwaji ne, in masu zuba jari suka...

ALHAJI: Buhu nawa.

PEDEJE: Mutum 40 sun sauke shi a wayoyinsu.

MAI SHAYI: Har da ni ciki. Shi ya karɓi wayata ya sa min, wuri ya cika sai da na goge hotunan bikin ƙanena.

PEDEJE: Amma kyauta ta huɗu kenan fa da na ci da shi! Kawu da ka ga wurin jiya, kilimatizer har sai da na yi atishawa, masu ɗaukar nauyi suka yi jawabi ɗaya bayan ɗaya har wajen ƙarfe goma, sannan aka zagayo da tire, nama ɗan mitsitsi a tsinken sakace, kowa ɗaya, in ka ɗauki biyu ana kallonka.

ALHAJI: Wa ya zo na ɗaya?

PEDEJE: Abokina, mai aplikasiyon kiran taksi. Bara ni ne na ɗaya shi na biyu. Wadda ta zo ta uku bana, bara waccan ita ce ta ɗaya.

MAI SHAYI: Ashe adashe kuke yi.

PEDEJE: Ku daina raina abin nan don Allah. Akwai CIPMEN nan Yamai da ke renon ƙananan kamfanoni, an yi gasar eTakara ta ANSI, hukumar gwamnati ta fasahar zamani, matasa na koyon aiki da gaske. Ga Abdou Maman Kané, ɗan Nijar ne, ya ƙera na'urar da manomi zai kunna ban ruwan garkarsa da salula yana zaune gida, ya ci kyautar Orange a 2011, a 2015 kuma ya ci babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan II.

ALHAJI: Wannan ban musa ba. Nashi in ka danna ruwa ke hita, ka gani da idonka. Naka in an danna mi ke hita?

PEDEJE: Saƙon barka da zuwa.

(Sai wayar Alhaji ta yi ƙara, 'yar ƙaramar nan mai tocila wadda aka ɗaure bayanta da kyauro.)

ALHAJI: Alo, Akara? Lahiya lau. Buhu 300... a'a ban ragi, ta bana busassa ce, ko wata biyu ta yi ba ta ruɓa. To aiko rabi ta Nita, kamyo na tashi jibi in sha Allahu.

PEDEJE: (baki buɗe) Kawu... ka san kai ne kasuwar da nake nema shekara uku? Ba ni lambobin mutanenka in zuba a aplikasiyo!

ALHAJI: In ba ka wuƙa ka yanka ni? Ina! Amma yaron da ke riƙe min kaye ya tahi gida aure. In kana so, gobe bayan asuba ka same ni wurin lodi.

PEDEJE: A matsayin me? Don sai na sa a LinkedIn.

ALHAJI: Sa abin da kake so.

PEDEJE: Babban darakta mai kula da zirga-zirgar kaya.

ALHAJI: Shi ne daidai. Kai za ka ƙirga buhu, in ɗan dako bai zo ba ka kama musu.

PEDEJE: Akwai atestasiyo a ƙarshe?

ALHAJI: Akwai ciwon baya.