Tsohon sansanin sojan Kumasi da rabonmu a tarihinsa

Duk wanda ya saba ratsa unguwar Adum a birnin Kumasi na ƙasar Ghana ya san jan ginin nan mai kaurin bango da ake kira Kumasi Fort, amma kaɗan ne daga cikin mutanen Zango suka taɓa shiga cikinsa, kuma a ganina wannan sakaci ne da ya kamata mu gyara.

Turawan Ingila ne suka kammala ginin a 1897, shekara guda bayan sun kama Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, sun fitar da shi daga ƙasarsa. A 1900, da Gwamnan Turawa Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya, alamar sarautar Asante, sai yaƙi ya ɓarke ƙarƙashin jagorancin Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, aka yi wa sansanin ƙawanya wata da watanni. Gwamnan, wanda ƙawanyar ta rutsa da shi a ciki, ya sulale a watan Yuni, ya bar wasu sojoji suna gadin wurin cikin yunwa da cuta har dakarun agaji ƙarƙashin Kanar Willcocks suka iso a watan Yuli.

Waɗannan sojojin da aka bari su ne Turawa suke kira Hausawa, ko da yake sunan ya haɗa da 'yan arewa na ƙabilu dabam-dabam waɗanda Hausa ce harshensu na bariki. Nan ne maganar take da nauyi, domin kakannin wasunmu sun tsaya ne a bayan bangon, suna harbin mutanen da a yau muke zaune a ƙasarsu, muke ciniki da auratayya da su. Ba abin alfahari ba ne, amma ɓoye shi ba zai amfane mu ba, musamman da yake talauci da gudun bauta ne suka jefa da yawa daga cikinsu aikin soja.

Tun farkon shekarun 1950 ginin ya zama gidan tarihin sojojin ƙasar nan, inda aka ajiye makamai da hotuna da lambobin yabo, har da kayan yaƙin Habasha da Bama na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ina kira ga makarantun Islamiyya da na boko na Zango su riƙa kai yara can, sannan sarakunanmu su sa a naɗi labaran da dattawa suka ji daga bakin tsofaffin sojoji, a miƙa wa masu kula da gidan tun masu labarin suna raye.